Allunan da Auta Ya Gyara

Ƙanena ne, cikinmu ɗaya, kuma har ya yi furfura ban daina kiransa Auta ba. A layinmu Fenta ake ce masa. Shekararsa hamsin da bakwai bana, arba'in da ɗaya a ciki da burushi a hannu ya yi su. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, daga aji huɗu aka cire ni, amma ina so in rubuta abin da ya same shi kafin masu baki su gama mayar da shi abin dariya, don tuni an fara.

Yana ɗan shekara goma sha shida mahaifinmu ya kai shi koyon aiki wurin wani mai rubuta allunan shaguna. Maigidan nasa mutum ne mai saurin hannu. Shekara biyu Auta bai rubuta harafi ko ɗaya ba. Aikinsa goge katako da sanfefa, shafa farin fenti, a jira ya bushe, a sake shafawa. Babbar dokar shagon guda ce: in an kawo tsohon allo a sabunta, tsohon rubutu ba zai leƙo ta ƙarƙashin sabo ba, ko inuwarsa. Maigidan yakan ɗauki allo ya karkata shi a rana, ya runtse ido ɗaya. Da ya hango wutsiyar tsohon harafi sai ya kira Auta a hankali, ya sa shi ya riƙe allon da hannu biyu, sannan ya ɗauke shi da mari. Wata rana ya dawo gida kunnensa na hagu yana ruwa, har yau da na dama yake saurare. Amma ban taɓa jin ya zagi mutumin nan ba. Cewa yake, "Shi ya koya mini jin kunya a aiki."

Da ya buɗe nasa shagon, ya yi zamani. Tela, wanzami, mai kemis, mai gyaran rediyo, duk wanda ya buɗe ƙofa a unguwar nan sai ya zo wurinsa. Ba ya amfani da ma'auni sai zare da alli. Ya ja zaren ya sake shi, layi ya fito, ya ciji leɓe, harafi ya bi harafi kamar sojoji. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu can nesa, matarsa ta rasu. Da maigidana shi ma ya rasu, na fita takaba, sai Auta ya share mini ɗakin da ke bayan shagon ya ce, "Yaya, ki dawo nan, ki riƙa yi mini faɗa." Na kafa ɗan teburi a bakin ƙofa ina sayar da sabulu da ashana. Daga kan kujerar nan na ga komai.

Na ga ranar da aka sauke injin buga hoto a bakin titi. Awa ɗaya a buga maka leda mai faɗin ƙofa, da sunanka da hotonka kana dariya. Cikin shekara biyu aka sauke allunan Auta ɗaya bayan ɗaya. Wasu a jingine su a bayan shago, wasu a ɗora su kan kwata a riƙa takawa. Shi kuma ya bi yana kwasowa a ka. Maƙwabcinmu mai walda, wanda bakinsa ya fi wutarsa zafi, yakan ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Fenta, yau gawar wa ka ɗauko? In maƙabarta ka buɗe ka faɗa mana mu riƙa zuwa ziyara."

Auta ya ce, "Taka na bar wa wuri kusa da ƙofa."

Da aiki ya ɗauke, sai zama ya yi masa yawa. Ba shi da halin sayen sabon fenti, sai ya riƙa kankare gindin tsofaffin gwangwanaye, ya tsinka da kananzir har ya koma kamar ruwan shayi, yana zane a kan tsofaffin allunan nan. Mutanen layinmu yake zanawa, amma duk ta baya. Tun yana yaro mahaifinmu ya ce masa kada ya kuskura ya zana fuskar mai rai, shi kuma bai saɓa ba. Sai ƙeya, da kafaɗa, da yadda mutum ke tsayuwa. Duk wanda ya san layin nan zai gane kowa. Ga tela ya duƙa kan keken ɗinki, wuyansa ya shige cikin riga. Ga wanzami ya ɗage gwiwar hannu. Ga maigidana, Allah ya jiƙansa, yana tura kekensa, kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu saboda shekarun da ya yi yana rataya jaka. A kan allon wani kemis da ya rufe ya zana shi, kuma saboda fentin ba shi da kauri, sunan kemis ɗin yana fitowa ta cikin rigarsa. Ranar da na fara gani sai da na koma ɗaki na share hawaye na yi alwala.

Goma sha biyu ya yi a cikin shekara goma. Duk wanda ya gama sai ya juya fuskarsa bango. In na ce me ya sa, sai ya ce, "Yaya, rubutu na leƙowa. In maigidana da ya koya mini aiki ya tashi daga kabari ya ga wannan, ɗayan kunnen zai ƙarasa."

Wata Talata da hantsi wata mata ta kawo motarta wurin mai walda, salansa, bututun hayaƙin nan, ya faɗi. Ba za ta wuce talatin da biyar ba, da farin tabarau da takalmin maza. Rana ta dame ta, ta yi sallama ta shigo shagonmu ta fake. Irin mutanen nan ne da hannunsu ba ya zama. Tana tsaye sai ta jawo allo ɗaya ta leƙa bayansa, ta juyo da shi. Na wanzami ne.  Ta juyo na biyu, ta juyo na uku.

"Baba, wa ya yi waɗannan?"

Auta ya miƙe yana goge hannu a wando. "Ai ba aiki ba ne, ranki ya daɗe. Ragowar fenti ne da zaman banza."

"Nawa ne?"

"Ba na sayarwa ba ne, ba su kai ba."

"A'a, guda nawa ne?"

Ta sa ya juyo su duka. Ta durƙusa a ƙasa da tsadadden zanenta tana ɗaukar hotonsu da waya. Sannan ta yi mana bayani. Ita ce ke kula da wani gidan nunin zane a tsakiyar gari. Duk shekara suna zaɓen sababbin masu zane goma da ya kamata a sa wa ido, a rataye aikinsu wata guda, a buga sunayensu a ɗan littafi, masu saye da 'yan jarida su zo. Ta samu tara, tana neman na goma.

Mai walda, da ya shigo kawo mata makulli, ya ƙyalƙyale. "Sabo? Wannan? Hajiya, wannan ya girmi kwaltar layin nan. Haƙoransa ma ba na asali ba ne."

Ta ce, "Wanda ba a gani ba tukuna, sabo ne."

Na dubi ƙanena. Kunnen nan na dama ya juyo mata gaba ɗaya, bakinsa a ɗan buɗe. Shekara arba'in ana kiransa a ce rubuta mini kaza, a yi ciniki, a ce ya yi tsada. Ba wanda ya taɓa durƙusawa gaban abin da ya yi. Likitan ido kuma ya riga ya gaya masa yanar ido ta fara rufe na hagu, na dama ma yana hanya. Shi ya sani, ni na sani, in akwai abin da zai samu a sana'ar nan, to wannan ne, babu wani a bayansa.

Ta ce nan da mako uku za ta zo da babbar mota a kwashe duka sha biyun. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Baba, a haka nake son su. Kada ka wahalar da kanka."

Bayan ta tafi ya zauna kan gwangwani. Can ya ce, "Yaya, kin ga yarinya mai tarbiyya? Ta ga abin kunya da idonta, ta kawar da kai, har tana cewa kada in wahala."

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na ce masa gaskiya ne. Na ce baƙo in ya ce kada a ɗora tukunya dominsa, wace mai hankali ce za ta zauna ta naɗe hannu? Na ce, "'Yar mutane za ta rubuta sunanka a bango gaban manya, kai kuma ka kai mata datti? Ka nuna mata a gidan mutunci ka koyi aiki." Da bakina na faɗa. Na nemi gafarar Allah a kan maganar nan ba sau ɗaya ba.

Washegari ya sayar da dogon tsaninsa ya sayo fenti mai kyau, irin mai mai, wanda rabonsa da buɗe irinsa an yi shekaru. Ya ɗora takarda mai shara-shara kan kowane allo ya kwafi siffar mutumin. Ni na wanke allunan da sabulu da soso, na kankare kashin tsaka da ƙurar shekara goma. Shi ya bi da sanfefa, ya shafa fari, ya jira kwana biyu, ya sake shafawa. Sannan ya mayar da mutanen ɗaya bayan ɗaya, da launi mai kauri, shuɗi shuɗi ne, ja ja ne. Ya ja wa kowane allo jan layi a gefe, ya bi da man ƙyalli.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makonnin nan ba. Daga sallar asuba sai shago. Yana aiki yana 'yar waƙa a maƙogwaro. Ya kira 'ya'yansa a waya ya ce su roƙi mazajensu izinin zuwa bikin buɗe nunin. Ya kai babbar rigarsa wurin mai guga tun saura kwana goma. Mai walda kansa ya leƙo ya tsaya, ya ce, "To, yanzu ka yi aiki. Da can kamar an wanke kwano an watsa." Ni ma na ga sun yi kyau. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: da ya mayar da maigidana, kafaɗun sun daidaita. Ya fito tsaf kamar wani baƙo mai keke. Na gani, na yi shiru, na ce kada in ɓata masa rai.

Ranar da ta zo, ya jera su a waje tun da safe, fuskarsu na kallon titi karo na farko. Rana na dukansu suna walƙiya. Ta fito daga mota da fara'arta, ta yi taku uku ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Baba, ina waɗancan?"

"Su ne waɗannan, ranki ya daɗe." Ya ɗauki na tela ya karkata shi a rana. "Duba da kyau. Ko inuwar harafi in kin gani, ki mare ni."

"Fenti ka sake musu?"

"Shafi biyu na fari, kafin launi."

"Duka?"

"Ai ba zan yi miki rabin aiki ba."

Ta nemi wuri ta zauna a kan kujerata, ba ta ma san ta zauna kan ashanata ba. Ta rufe baki da hannu. Da ta buɗe sai magana ta zubo. Ta ce abin da ya rufe shi ne abin da ta zo ɗauka. Ta ce sunan shagon da ya mutu yana fitowa ta jikin mutumin da ya rayu a gabansa, unguwa ce guda ta shuɗe ya kama ta a katako, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Ta ce tsagewar fentin da cin rana da duk abin da muka wanke, su ne aikin. Ta nuna masu ƙyallin ta ce, "Irin wannan kuwa..." sai ta haɗiye sauran.

Ina tsaye ina jin ta. Ashe tana da duk wannan bayanin a cikinta. Ranar farko ta durƙusa ta ɗauki hoto ya fi hamsin, ta yi waya da wani da Turanci tana ta zuba, amma mai aikin da ke tsaye a gabanta kalma biyar ta ba shi ta shiga mota. Ta ɗauka ya sani. Ina zai sani? Wanda aka kashe wa kunne a kan abu, ka zo rana ɗaya ka ce abin nan shi ne kyau, ka faɗa a bakin ƙofa kana duba agogo?

 Allon yana hannun Auta har lokacin, riƙe da hannu biyu.

Mai walda ne ya yi magana, kuma ranar babu wasa a muryarsa. "Hajiya, ba a kankarewa?"

Ta ce ɗan littafin zai tafi wurin bugawa nan da kwana biyar. In ya iya dawo da ko guda huɗu yadda suke, wurinsa na nan.

Kwana huɗu muka yi da reza da tsumma da tina, ruwan nan mai warin da ke narkar da fenti. Na rufe teburina. A nan ne aikin kirkin da ya yi ya zame mana bala'i. Sabon fentin ya kama katako kamar da shi aka halicce shi. Na ƙasan kuwa ruwa-ruwa ne, kuma sanfefa ta riga ta cinye rabinsa. In ka bi a hankali farin ba ya motsi. In ka matsa, ka wuce har katako. In ka zuba tina, kafin na sama ya yi laushi na ƙasa ya narke ya bi tsumma. Na ce a bar mini na maigidana. Yini guda na yi a kan wuri mai faɗin tafin hannu. Wajen la'asar sai ga harafi ɗaya na sunan kemis ya fito, da ɗan yankin rigarsa, launin toka, yadda na san ta. Na kira Auta ya zo ya gani. Kafin ya taso daga inda yake, wurin ya jiƙe ya dame, ya koma launin ƙasa.

A rana ta huɗu ya ajiye reza. Ya jawo wani tsohon allo cikin waɗanda bai taɓa zane a kai ba, ya tsinka fenti da kananzir, ya ce zai yi sabo irin na da. Ya zana wanzami. Yana yi yana sanin ana jira. Mai walda ya ɗauki hoton ya aika mata. Ta amsa da cewa Baba ya yi ƙoƙari, amma ba shi ba ne, a bari sai baɗi in Allah ya kai mu. Allo bakwai muka lalata. Biyar suka rage da ƙyallinsu. Ya kira 'ya'yansa ya ce su zauna, an ɗaga bikin.

Bayan mako guda ta kira shi da kanta. Ta ce abin yana damunta, tana so ta yi masa wani abu. Suna neman wanda zai shafe bangon zauren da fari kafin a rataye zane, kuma tana so a rubuta sunayen mutum goman da hannu a bangon shiga, ba da inji ba. Ta ce ba ta san wanda ya fi shi ba. Na yarda da alheri ta nufa. Wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Na ce, "Auta, kada ka je."

Ya ce, "Aiki ne, Yaya. Yaushe rabon da a kira ni aiki?"

A rana ta uku na kai masa abinci, don in ga wurin da idona. Zaure ne mai faɗi, ƙasa na santsi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ya riga ya gama bangon, fari tas, babu tabon burushi ko ɗaya. Masu zanen suna ta shigo da kayansu, samari da 'yan mata, sa'o'in 'ya'yansa. Wata ta ɗinke tsofaffin buhuna ta watsa musu baƙin fenti. Wani ya kawo kwanon rufi mai tsatsa ya huda shi da ƙusa. Wani fentinsa ya zubo har ƙasan zanen ya bushe a haka, an ɗauko shi mutum biyu da safar hannu kamar jariri. Ban ce ba su iya ba, ban san abin da ake dubawa ba. Abin da na sani, ba wanda ya taɓa marin ɗayansu.

Mai kwanon rufin ya ɗaga murya ya ce, "Baba mai fenti, in ka sauko ga wani wuri nan an taɓa da hannu."

Auta ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Yana kan tsaninsu a bakin shiga, takardar sunaye a aljihun gaba. Ya ja zare ya saki, layin alli ya fito. Ya rubuta tara tun safe, saura ɗaya, na wanda aka sa a gurbinsa. Na zauna a kan wani benci da kwanon abincin a cinyata, na ga ya ciro takardar ya kai ta dab da idonsa na dama, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tsoma burushi ya ciji leɓe. Mai tabarau ta zo wucewa da waya a kunne, ta tsaya ta ɗaga kai, ta ce, "Kai, Baba, hannunka!" ta wuce.

Bai ci abincin ba. A motar haya muna dawowa, gwangwanin burushinsa a tsakanin ƙafafunsa, muka wuce tasha uku.  Can ya juyo ya ce, "Yaya, sunan na goman nan ya yi tsawo. Sai da na matse haruffa ukun ƙarshe. Duk wanda ya san aiki zai gani."

Na ce, "Babu wanda ya san aiki a wurin."

Ya ce, "Ni na sani."

An yi bikin ranar Asabar, ba mu je ba. Baɗin da ta ce ya zo ya wuce, ba ta kira ba, shi ma bai nema ba. An yi masa aikin idon hagu bai yi ba. Yanzu da safe nakan fito masa da kujera kusa da teburina, shi ke miƙa wa mutane sabulu.